Hutun iyali a manyan filayen wasa na Amurka da Faransa: tsadar shiga da dabarun tsimi

Cikin watan Oktoba na shekara ta 2024, kamfanin Disney na ƙasar Amurka ya bayyana sabon farashin shiga filin wasansa na Disneyland da ke jihar Kalifoniya. A ranakun da jama'a ta fi cika wurin, tikitin mutum ɗaya na yini ɗaya ya kai dala 206. Wannan ne karo na farko da ya wuce 200. Mai karatu ya kula, dalar da za mu riƙa faɗi a nan ta Amurka ce, ba dalarmu ta kasuwa mai tamma biyar ba. A wancan lokaci dalar Amurka ɗaya tana wajen tamma 600 na sefa, ke nan tikitin ya haura jika 120. Ƙaramin albashin da doka ta tsayar a Nijar daga farkon 2024 jika 42 ne a wata. Watau kuɗin shiga ƙofa kawai, na mutum ɗaya, ya kusa cinye albashin wata uku na ƙaramin ma'aikacinmu.

Wani zai ce: mine ne ruwanmu da wasan Turawa? Ruwanmu yana nan. Muna da ƴan'uwa mazauna Faransa da Amurka waɗanda ɗiyansu ke roƙon a kai su waɗannan wurare duk lokacin hutun makaranta. Muna da ma'aikata da ƴan kasuwa masu tafiye-tafiye, wasu har da iyali. Yaranmu na gida kuma suna ganin hotunan wuraren a telebijin da wayar salula. Bayan wannan, yadda magidantan can ke kokawa da tsadar hutu darasi ne bisa riƙon kuɗin gida, wanda zai amfani kowa ko da bai taɓa hawa jirgin sama ba.

MAFARIN ABIN

Filin wasa irin wannan kamar ƙaramin gari ne da aka kewaye, aka gina shi don nishaɗi kaɗai. A ciki akwai lilo iri-iri masu aiki da lantarki, da ƙananan jiragen ƙasa masu hawa sama su gangaro da gudu, da kwale-kwale, da gidajen wasan kwaikwayo, da kantuna, da wuraren cin abinci. Ana tsara kowace unguwa ta filin bisa wani labari ko wani fim da yara suka sani. Turai ta daɗe da lambunan shaƙatawa, misali lambun Tivoli na birnin Kofenhagen an buɗe shi tun 1843. Amma wanda ya mai da abin babbar sana'a shi ne Walt Disney, mai zanen finafinan yara, wanda ya buɗe Disneyland ran 17 ga watan Yuli na 1955, bayan ya kashe wajen dala miliyon 17. Ya ce tunanin ya zo masa ne yana zaune bisa benci yana kallon ɗiyansa mata biyu suna hawan lilo, ya ga ya kamata a samu wurin da uba da ɗa za su yi nishaɗi tare.

Walt Disney ya rasu cikin 1966. Kamfaninsa ya buɗe fili na biyu kusa da birnin Orlando na jihar Fulorida cikin 1971, bisa ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 100, inda yau ake da manyan filaye huɗu. Daga nan abin ya tsallaka teku: Tokiyo cikin 1983, Paris cikin 1992, Hong Kong cikin 2005, Shanghai cikin 2016. Cikin watan Mayu na 2025 aka ba da sanarwar za a gina wani a Abu Dabi, ƙasar Daular Larabawa, wadda ƴan kasuwarmu suka san hanyarta. Faransa kuma tana da nata na gida, kamar Futuroscope da aka buɗe cikin 1987 kusa da Fuwatiye, da Parc Astérix na 1989 a arewacin Paris. Babban filin Fulorida shi kaɗai, wanda ake kira Magic Kingdom, ya karɓi baƙi fiye da miliyon 17 cikin 2023.

YADDA FARASHI YA HAU

Cikin 1955 da dala ɗaya babba ke shiga Disneyland, amma kowane lilo da kuɗinsa daban. Daga baya aka riƙa sayar da ɗan littafin tikitoci masu haruffa daga A zuwa E, mai harafin E shi ne na manyan wasanni. Cikin 1982 aka soke wannan tsari, aka koma tikiti ɗaya mai buɗe kome, a kan dala 12. Daga wannan shekara ce ake iya gwada jiya da yau ba tare da ruɗu ba.

Hanya mafi sauƙi ta gane tsada ita ce a auna ta da gumin ma'aikaci. Cikin 1982 ƙaramin ladan awa ɗaya na aiki a Kalifoniya dala 3,35 ne. Ke nan da aikin awa uku da rabi da ɗan ɗoriya ƙaramin ma'aikaci ke sayen tikitinsa. Cikin 2024 ladan awa ya koma dala 16, tikiti mafi araha yana dala 104, mafi tsada 206. Watau aikin awa shida da rabi a ranar araha, kusan awa goma sha uku a ranar tsada. Albashi ya ƙaru, amma tikiti ya fi shi sauri, har nauyin da ke bisa talaka ya kusa ninka biyu, a wasu ranaku ya kusa ninka huɗu. Cikin 2025 ma an sake ɗaga farashin manyan ranaku.

Abu na biyu da ya canza shi ne farashi ya daina zama ɗaya. Tun 2016 kamfanin ya raba ranakun shekara gida-gida, kowace rana da kuɗinta bisa yawan masu son zuwa, kamar yadda rago ke tsada ana jajiberin layya ya faɗi bayan salla. Abu na uku shi ne abubuwan da dā ake bayarwa kyauta sun koma na kuɗi. Daga 1999 akwai wata takarda da baƙo ke karɓa ba da ko tamma ba, ta ba shi lokacin da zai dawo ya hau lilo ba tare da dogon layi ba. Cikin 2021 aka soke ta, aka kawo ta kuɗi, wadda ta fara da dala 15 a Fulorida da 20 a Kalifoniya ga kowane mutum a kowace rana, ta ci gaba da hawa. Cikin 2024 aka ƙara fito da wata ta masu hali, wadda a Disneyland aka sa wa dala 400, ban da kuɗin shiga. A Paris ma cikin 2021 aka mai da tsallake layi na kuɗi. Motar da ke ɗauko baƙin otel ɗin kamfanin daga filin jirgin Orlando kyauta, ita ma an tsai da ita a farkon 2022.

DALILAN TSADAR

Dalili na farko shi ne masu son shiga sun fi ƙarfin wurin. Fili yana da iyakar mutanen da zai ɗauka. In ya cika, layi kan kai awa biyu don wasan minti uku, baƙi su koma gida da fushi. Kamfanin ya ga gara baƙi kaɗan masu kashe kuɗi da yawa, da cincirindon masu ƙaramin aljihu.

Dalili na biyu yana cikin littafin lissafin kamfanin. Ribar gidajen telebijin ɗinsa tana raguwa, sashen nuna finafinai ta intanet da ya buɗe cikin 2019 kuma ya shafe shekaru yana cin asarar miliyoyin dala masu yawa. Annobar korona ta rufe filayen cikin 2020, har kamfanin ya ba da sanarwar sallamar ma'aikata dubu 28 a watan Satumba na shekarar. Da aka sake buɗewa, filayen wasa suka zama saniyar tatsa. A shekarar lissafi ta 2024, sashen filaye da jiragen ruwan shaƙatawa da kayan tsaraba ya shigo da wajen dala miliyar 34, da ribar da ta haura miliyar 9, fiye da rabin ribar dukkan sassan kamfanin.

Dalili na uku shi ne gini da albashi. Gasa ta yi zafi, domin kamfanin Universal ya buɗe wani sabon babban fili a Orlando cikin watan Mayu na 2025, Disney kuwa tun 2023 ya ce zai zuba wajen dala miliyar 60 cikin shekara goma don faɗaɗa nasa. Su ma ma'aikatan filayen, masu shara da masu dafa abinci da masu tada injuna, ƙungiyoyinsu sun yi gwagwarmaya har ƙaramin ladan awa ya kai dala 18 a Fulorida cikin 2023, da dala 24 a Kalifoniya cikin 2024. Wannan haƙƙinsu ne, kuma duk wanda ke kukan tsada ya kamata ya tuna da su.

Sai dai igiya in an ja ta da yawa tsinkewa take. Cikin 2023 shugaban kamfanin na lokacin, Bob Iger, ya amsa a bainar jama'a cewa neman riba ya sa sun ɗan wuce gona da iri wajen sa farashi. A shekarar ce kuma aka rufe wani otel na musamman da aka buɗe cikin 2022, inda kwana biyu na iyali mai mutum huɗu ke cin wajen dala dubu shida. Bai kai shekara biyu ba, don masu iya biya sun yi kaɗan. Faransa ta ga irin haka tun da wuri. Filin Paris ya fara da asara mai yawa, saboda Turawan Turai suna zuwa amma ba su kwana a otel ɗinsa, ba su kuma sayen tsaraba yadda aka yi tsammani. Cikin 1994 sai da aka sake tsarin bashinsa, yariman Saudiya Alwalid bin Talal ya sayi hannun jari, cikin 1995 aka rage kuɗin shiga da wajen kashi ɗaya cikin biyar, sannan wurin ya ga ribarsa ta farko. Abin lura a nan shi ne mai saye yana da ƙarfi in ya san lokacin da zai riƙe aljihunsa.

INDA KUƊIN KE ZUBA

Kuskuren da yawancin magidanta ke yi shi ne su lissafa kuɗin tikiti su tsaya nan. Alhali ga iyalin da suka taso daga nesa, tikiti ƙofa ɗaya ce cikin ƙofofi biyar. Akwai kuɗin hanya, jirgi ko mota da manta. Akwai masauki. Akwai abinci sau uku a rana, a wurin da ba a fita cikin sauƙi, kuma mai sayarwa ya san haka. Akwai kuma ƙananan abubuwan da ba a sa su cikin lissafi ba: ajiye mota na dala 30 ko fiye a rana, hayar keken tura jariri, hoto, ruwan sha, rigar ruwa in hadari ya taso, da kayan wasa. Masu ginin sun san halin yaro, shi ya sa hanyar fita daga manyan wasanni da yawa ta cikin kanti take bi. Uban da ya yi ta cewa a'a tun safe, da la'asar gajiya kan sa ya ce to.

Ga wanda zai taso daga Afirka akwai ƙarin nauyi. Kuɗin neman bizar ƙasashen Turai ya koma yuro 90 ga babba daga watan Yuni na 2024, watau wajen jika 59, tunda yuro ɗaya tamma 655,957 ne bisa tsayayyen canji. Kuma in an hana biza ba a maido da kuɗin.

DABARUN TSIMI

Iyalan Amurka da Faransa masu matsakaicin hali ba su daina zuwa ba, dabara suka koya. Ga manya daga cikin dabarun, bisa girman abin da kowace ke ragewa.

Ta farko, zaɓen rana. Mu ɗauki iyali mai mutum huɗu, uba da uwa da yara biyu da suka kai shekara goma, tunda a filayen Amurka daga shekara goma ake biyan kuɗin babba. Bisa farashin 2024, ranar tsada za su biya dala 824, ranar araha 416. Bambancin dala 408 ne, wajen jika 245, alhali fili ɗaya ne, wasanni ɗaya ne, kuma ranar araha layi ya fi gajarta. Ranakun araha su ne tsakiyar mako a lokacin da makarantu ke buɗe, musamman ƙarshen Agusta da Satumba da wani ɓangare na Janairu. Ranakun tsada su ne na Kirsimeti da sabuwar shekara da hutun bazara. Kuɗin otel da na jirgi ma wannan hanya suke bi. Sai dai araha tana da dalilinta: Satumba a Fulorida lokacin zafi ne da guguwar teku, Janairu a Paris kuwa sanyi ne mai shiga ƙashi. Bai kuma dace a cire yaro daga aji don neman rangwame ba.

Ta biyu, yawan kwanaki. Tikitin kwana biyar ya fi na kwana biyu araha in an raba bisa kwanaki, kuma da wannan ake jan hankalin mutane. Amma kowace ranar da aka ƙara tana tafe da kuɗin ɗaki da na abinci. Magidanci mai hankali yakan dubi jimilla, ba kuɗin yini ba. Haka nan ƙarin kuɗin da ake biya don a shiga fili biyu a rana ɗaya, mai ƙananan yara ba ya cin moriyarsa, domin fili ɗaya ma ba su gama shi.

Ta uku, masauki. Otel ɗin da ke cikin harabar kamfani yana da kyau da kusanci, amma na waje da shi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, musamman ɗakin haya mai wurin girki. Filin Paris yana wajen kilomita 32 gabas da birnin, kuma jirgin ƙasa na cikin gari yana kai mutum har bakin ƙofa, don haka mai ɗan'uwa a Paris ba ya bukatar otel sam.

Ta huɗu, abinci. A filayen Disney na Amurka an yarda baƙo ya shiga da guzurinsa, in ba a cikin kwalba yake ba, kuma ana ba da ruwan sanyi a kofi kyauta a wuraren sayar da abinci. Wasu filayen sun hana, sai dai sun ware wurin zama a waje. Ya kamata a bincika dokar wuri kafin a tashi. Iyalin da suka karya kumallo a masauki, suka riƙe guzurin rana da gorar ruwa, sun toshe babbar kafa.

Ta biyar, shekarun yaro. Wanda bai kai shekara uku ba kyauta yake shiga, amma ba zai tuna kome ba, kuma manyan wasanni suna da ma'aunin tsayi da ke hana ƙanana hawa. In sau ɗaya iyali za su iya zuwa a rayuwa, ya fi a jira yaran su yi wayo.

Ta shida, tsaraba. Iyaye da yawa kan ba kowane yaro ƙayyadadden kuɗi tun daga gida, su ce masa in ya ƙare ya ƙare. Yaron da ke kashe nasa ya fi wanda ke kashe na ubansa tunani, kuma ya koyi lissafi a hanya.

Ta bakwai, sanin inda ake sayen tikiti. Saye tun da wuri ta hanyar kamfanin ko dillalan da ya amince da su ya fi saye a bakin ƙofa sauƙi, musamman a Faransa. Mazauna Fulorida da kudancin Kalifoniya suna samun rangwame na musamman a wasu watanni. Amma a yi hattara da masu tallar ragowar tikitin wani a bakin hanya. Tikiti na mai shi ne, ana ɗaukar hoton baƙo ko alamar yatsarsa ranar farko, kuma dokar Fulorida ta hana sake sayar da irin wannan tikiti. Wanda ya saya ya yi asarar kuɗinsa, ya kuma ji kunya gaban ɗiyansa.

Dabara ta ƙarshe ita ce a tambayi kai: dole sai wannan fili? Ƙananan filayen jihohi na Amurka sukan sayar da tikitin shekara guda a kan kuɗin da bai fi na zuwa biyu ko uku ba. Gidajen tarihi na Smithsonian da gidan namun daji na birnin Washinton kyauta ake shiga. A Faransa, yaron da bai kai shekara 18 ba ba ya biya a gidajen tarihi na ƙasa.

TARKON BASHI

Duk dabarun nan banza ne in da bashi aka yi tafiyar. A Amurka mutane da yawa da katin bashi na banki suke biyan hutu, alhali cikin 2023 da 2024 ruwan da ake ɗorawa bisa wannan kati ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara. Wanda ya ci dala dubu biyar bai biya ba har shekara ta zagayo, ruwa kaɗai ya kai dala dubu, ya shafe duk abin da ya tsimta wajen zaɓen rana da ɗaukar guzuri. Hutun mako ɗaya ya zama wahalar shekara biyu. Abin da ke tura iyaye ga haka ba boyayye ba ne: talla tana gaya musu cewa yarinta ba ta dawowa, maƙwabta kuma sun je sun baza hotuna. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa. Masu ba da shawara bisa kuɗin gida a can suna cewa a tsai da jimillar kuɗin tun farko, a raba ta bisa watanni, a riƙa ajiyewa, sai ta cika a tafi. Wannan ba sabon ilimi ba ne a wurinmu, shi ne adashen da iyayenmu mata ke yi tun kaka da kakanni.

BAMBANCIN FARANSA DA AMURKA

A nan ne aikin hukuma ke bayyana. A Amurka babu dokar tarayya da ta tilasta wa mai kamfani ya ba ma'aikaci hutu da albashi, kowa da yarjejeniyarsa. A Faransa kuwa tun 1936 doka ta ba ma'aikaci hutun mako biyu da albashinsa, ya koma uku cikin 1956, huɗu cikin 1969, biyar cikin 1982. A wannan shekara ta 1982 aka ƙirƙiro takardun kuɗin hutu: ma'aikaci yana zuba wani kaso, ma'aikatarsa ta cika masa, ya biya jirgin ƙasa ko masauki ko shiga filin wasa da su. Kwamitocin ma'aikata na kamfanoni kuma suna sayen tikitoci da yawa a dunƙule su sayar wa mutanensu da rangwame.

Duk da haka, wajen mutum huɗu cikin goma a Faransa ba su zuwa hutu ko'ina a shekara, kuma rashin kuɗi ne babban dalili. Shi ya sa tun 1979 ƙungiyar agaji ta Secours populaire ke kwasar dubban yaran talakawa cikin watan Agusta ta kai su yawon yini ɗaya, galibi bakin teku, don kada su koma aji ba su da labarin bayarwa. Wannan ya nuna cewa dabarar magidanci tana da iyaka. Tsimi yana taimakon mai ɗan abin hannu, wanda ba shi da kome kuwa sai jama'a da hukuma sun tallafa masa.

ABIN DA YA SHAFE MU

Hutu da nishaɗin yara ba almubazzaranci ba ne. Yaron da ya fita ya ga duniya yana buɗe ido, iyalin da ke fita tare kuma zumuncinsu yana ƙarfi. Tambayar ita ce da wane kuɗi, kuma a ina. Ga ɗan'uwanmu mazaunin waje da ma'aikacin da Allah ya hore wa, shawararmu ita ce ya rubuta dukkan ƙofofin nan biyar a takarda kafin ya yi wa yara alkawari, ya tara kuɗin kafin ya tashi, kada ya taɓa kuɗin makaranta ko na cimaka ko abin da yake aika wa iyaye a gida. Daidai ruwa daidai tsaki.

Ga sauran jama'a, ƙasarmu ba ta rasa wuraren kai yara ba. Gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka kafa cikin 1959, ya haɗa namun daji, da ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin dā da aka tono a hamadarmu, da itacen Tenere da aka kawo bayan mota ta kaɓe shi cikin 1973, da rumfunan maƙera da dukawa da masaƙa. Duk wanda ya je can ranar salla ya ga yadda yara ke cika wurin ya san ƙishirwar da ake da ita. Damagaram tana da fadar sarki da tsohuwar unguwar Birni. Akwai hawan salla a garuruwan sarauta, akwai kokowar gargajiya da ake yi wa gasar ƙasa tun 1975, wadda aka fara a Tawa. Kai yaro ƙauyen kakanninsa da damina ya ga yadda ake noman hatsin da yake ci, shi ma hutu ne, kuma makaranta ce.

Ga magabata kuma, musamman masu kula da garuruwa, akwai aiki. Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai suna faɗaɗa kowace shekara, kuma kusan rabin ƴan ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba. Duk lokacin da ake yanka filaye a sabuwar unguwa, ya wajaba a ware wurin lambu da wasan yara, a dasa itatuwa, a kuma tsare shi daga masu son mai da shi kanti ko gidan haya. In an ba ɗan kasuwa izinin kafa wurin wasa, a sa ido bisa lafiyar injunansa, a kuma nemi ya ware ranakun rangwame ga ƴan makaranta. Ƙungiyoyin ma'aikata su ma za su iya koyi da asusun hutu irin na Faransa gwargwadon ƙarfinsu. Filin da ba a ware yau ba, gobe ba za a same shi ba ko da kuɗi, kuma abin da ya faru a Amurka ya isa ya nuna mana yadda wurin da aka gina don uba da ɗa ke iya fin ƙarfin uban.